Lauz da Zuriyarsa a Cikin Kalmomin Kimiyya

Gabatarwa

Ɗalibin da ya shiga ajin kimiyya a karo na farko yakan yi kiciɓis da kalmomi dogaye masu nauyi a baki, waɗanda ba su yi kama da Hausa ba, ba su kuma yi kama da Ingilishin da ya koya a firamare ba. Abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya haddace su, ya zuba su a takardar jarrabawa, sa'an nan ya manta. Shi kuwa ma'aikacin gwamnati da aka ɗora wa fassara sanarwar lafiya ko ta aikin gona, tasa wahalar ta fi haka, domin tilas ne ya gaya wa jama'a da harshensu abin da kalmar take nufi. Alhali kuwa kowace ɗaya daga cikin kalmomin nan tana da asali, kuma sau da yawa asalin nan abu ne na gona ko na kasuwa wanda wani mutum ya gani da idonsa.

Wannan lacca za ta ɗauki ɗan itace guda ɗaya, watau lauz, ta bi sawun sunansa a cikin ilmin tsirrai, da ilmin jikin ɗan Adam, da ilmin sinadarai, da ilmin duwatsu. Maƙasudin shi ne a nuna cewa sunan kimiyya yakan adana ɗayan abu biyu: ko dai kamar da mai raɗa sunan ya gani, ko kuwa wurin da aka fara samun abin. Aikin da abin yake yi, da amfaninsa ko illarsa, ba kasafai suna yake faɗarsu ba. Wanda ya gane wannan ya sami mabuɗin kalmomi da yawa, ya kuma tsira daga ruɗin da ake yi wa mutane da manyan sunaye.

Itacen da sunayensa

Lauz shi ne ɗan itacen da Turawan Ingila ke kira almond. A ƙasar Hausa an fi saninsa ta wajen masu sayar da magungunan Musulunci, inda ake samun mansa da sunan zaitul lauz. Asalin itacen daga Farisa ne da ƙasashen da ke kewaye da ita, daga nan ya bazu zuwa gaɓar Bahar Rum. An sami 'ya'yansa a kabarin Fir'auna Tutankamun, wanda ya mutu wajen shekara ta 1325 kafin haihuwar Annabi Isa. Itace ne mai bukatar sanyin hunturu na sosai kafin ya yi fure, shi ya sa ba a noma shi a ƙasashe masu zafi irin na Afirka ta Yamma. A yau jihar Kalifoniya ta Amurka ce ke samar da kusan kashi 80 cikin 100 na lauz ɗin da ake sayarwa a duniya.

Sunayensa a harsunan duniya sun fito ne daga manyan tushe guda uku. Akwai lauz na Larabci, wanda Sawahili ya ara ya mai da shi lozi. Akwai badam na Farisanci, wanda ya shiga Urdu da Hindi, ya kuma zama badem a bakin Turkawa. Na uku shi ne amugdale na Girkanci, kuma shi ne wanda kimiyya ta ɗauka.

Rumawa suka ari kalmar Girkawa suka rubuta ta amygdala. Da tafiya ta yi tafiya, a bakin talakawan daular Rum ta koma amandula, kuma daga wannan ne aka sami mandorla a Italiyanci, da Mandel a Jamusanci, da amande a Faransanci, da almendra a Sifaniyanci. Ingilishi ya sami almond daga almande na tsohon Faransanci. Abin lura a nan shi ne harafin l da ya kutsa farkon kalmar, wanda babu shi a Girkanci. Masana harshe da dama suna danganta shi da al ta Larabci, domin mutanen Andalus sun saba da kalmomin aro masu farawa da ita, har suka laƙaba ta inda ba ta da gado. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai nazarin Hausa, domin Hausa ta haɗiye al ɗin nan a alƙalami da albasa da alƙali, ta kuma gutsure ta a littafi da labari da liman da lahira.

A ilmin tsirrai

A shekara ta 1753 masanin tsirrai na ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya fitar da littafinsa Species Plantarum, inda ya ba kowane tsiro suna mai kalma biyu: ta farko sunan dangi, ta biyu sunan iri. Lauz ya sami Amygdalus communis, watau lauz na gama-gari. A 1768 Philip Miller na Ingila ya ware mai daɗin ci ya kira shi Amygdalus dulcis, domin dulcis a Latin mai zaƙi ne. Daga baya masana suka ga cewa lauz ba dangi ba ne mai zaman kansa, ɗan gidan Prunus ne, tare da mishmish da ceri. Sai ya zama tilas a sake masa suna. Ba a iya cewa Prunus communis ba, saboda an riga an ba wani itacen wannan suna. August Batsch na Jamus ya kira shi Prunus amygdalus a 1801, David Webb na Ailan kuma ya kira shi Prunus dulcis a 1967. Ɗalibi zai tarar da sunayen nan biyu a littattafai, kuma itace ɗaya suke nufi.

To, a nan ne suna ya fara nuna gazawarsa. Ƙarƙashin Prunus dulcis, watau mai zaƙi, har da lauz mai ɗaci, wanda ƙwayoyinsa kaɗan sun isa su halaka ƙaramin yaro. Lauz na daji mai ɗaci ne. Binciken da aka buga a mujallar Science a 2019 ya nuna cewa canji ɗaya a wata ƙwayar gado shi ne ya hana ƙwayar lauz tara gubarta, manoman dā kuma suka tsinci irin wannan itace suka yaɗa shi.

Ta fuskar siffa, ɗan lauz yana cikin rukunin da masana ke kira drupe, daga drupa ta Latin, watau zaitun da ya nuna ya yamushe. Irin wannan ɗan itace yana da fata a waje, da tsoka a tsakiya, da ƙwallo mai tauri a ciki, kamar mangwaro da magarya da aduwa. Sunayen sassan uku daga Girkanci suke: exo waje, meso tsakiya, endo ciki, a haɗa kowanne da karpos, watau ɗan itace. Abin da ake ci a lauz shi ne ƙwayar da ke cikin ƙwallon, daidai da yadda ake fasa ƙwallon aduwa a ciro ƙwayar a tatsi mai.

Akwai kuma wani itace mai faɗin ganye da ake shukawa don inuwa a makarantu da ofisoshi a Nijeriya da Gana, wanda littattafan Turanci ke kira lauz na Indiya. Ba lauz ba ne. Sunansa Terminalia catappa, ɗan'uwan baushe ne. Terminalia daga terminus ne, watau iyaka, saboda ganyensa yakan taru a ƙarshen reshe, catappa kuwa daga ketapang na harshen Malay. Kamar ƙwaya ce kawai ta jawo masa sunan, Hausawa kuwa sun ce kama da wane ba wane ba ne.

A jikin ɗan Adam

Idan mutum ya wangame baki, za a ga 'yan tsokoki biyu a can ciki, ɗaya a dama ɗaya a hagu da beli. Likitocin Larabawa sun kira su al-lauzatani, watau lauz guda biyu, saboda siffarsu. A ƙarni na 12, a birnin Toledo na Andalus, aka yi ta juya littattafan likitanci daga Larabci zuwa Latin, ciki har da Al-Ƙanun na Ibn Sina, wanda Gerard na Cremona ya fassara kafin rasuwarsa a 1187. Ta irin wannan hanya ne ma'anar Larabci ta shiga rigar Girkanci, aka riƙa kiran tsokokin nan amygdalae. Har yau Faransawa na cewa amygdales, kumburinsu kuma amygdalite. Jamusawa na cewa Mandeln. Wannan shi ne aro ta hanyar fassara: ba a ɗauki sautin kalmar ba, hoton da ke cikinta aka ɗauka.

Lauz na biyu a jiki yana cikin ƙwaƙwalwa. A 1822 masanin jiki na Jamus, Karl Friedrich Burdach, ya bayyana wani ɗan dunƙule a cikin ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke saitin kunne, ɗaya a kowane gefe, ya ba shi sunan lauz saboda siffarsa. Shi ne amigdala. Burdach bai san aikinsa ba. Siffa ya gani, siffa ya ambata. Sai bayan shekara fiye da ɗari, daga 1937 zuwa 1939, Heinrich Klüver da Paul Bucy suka nuna cewa biran da aka cire wa wannan ɓangare na ƙwaƙwalwa sun daina jin tsoron abin da dā suke gudu. A 1994 masu bincike na Jami'ar Iowa suka ba da labarin wata mata da ciwon gado ya lalata wa amigdala duka biyu, wadda ba ta iya gane alamar tsoro a fuskar mutum. Daga nan sai jaridu suka laƙaba wa amigdala kirarin cibiyar tsoro. Amma a 2013 aka shaƙa wa wannan mata iska mai yawan kabon dayoksaid, sai ta firgita ƙwarai. Ashe tsoro ba gida ɗaya gare shi a ƙwaƙwalwa ba, kuma amigdala tana da hannu a lura da abin sha'awa da abin lada, ba abin tsoro kaɗai ba. Sunan farko bai faɗi kome game da aiki ba. Kirarin da ya biyo baya ya faɗi rabin magana.

Wannan yana da muhimmanci ga masu fassara a ƙasar Hausa, wadda ta gaji harsunan boko biyu. Majinyaci a Maraɗi ko Damagaram in ya ji likita ya ambaci amygdales, maƙogwaro ake nufi. Ɗalibi a Kano ko Zariya in ya ga amygdala a littafin Ingilishi, ƙwaƙwalwa ake nufi. Mai fassarar da bai san wannan ba zai iya kai ciwon wuya cikin kai.

A ilmin sinadarai

A nan ne zuriyar lauz ta fi yawa, domin lauz mai ɗaci na cikin abubuwan da masana sinadarai na Turai suka fi nazari a farkon ƙarni na 19. A 1830 Faransawa biyu, Pierre-Jean Robiquet da Antoine Boutron-Charlard, suka tace wani farin sinadari daga ƙwayarsa suka kira shi amigdalin, watau abin da aka samu a lauz. A 1831 Ferdinand Winckler, mai haɗa magunguna a Jamus, ya dafa amigdalin da ruwan asid ya sami wani sabon abu. Da yake Bajamushe ne sai ya raɗa masa suna daga Mandel, shi ne asid na mandelik, wanda aka yi amfani da shi wajen maganin ciwon mafitsara, yanzu kuma ana sa shi a man gyaran fata. Amigdalin da mandelik ke nan kalma ɗaya ce ta haife su, ɗaya ta bi ta Girkanci kai tsaye, ɗaya ta zagaya ta Jamus.

A 1837 Justus Liebig da Friedrich Wöhler suka gano yadda gubar take fita. A cikin ƙwayar lauz akwai wani sinadari mai warware amigdalin, wanda aka kira emulsin, daga emulgere ta Latin, watau tatsar nono, saboda niƙaƙƙen lauz a ruwa fari ne kamar madara. Muddin ƙwayar tana nan ɗungurungum, su biyun ba sa haɗuwa. Da zarar an tauna ta ko an daka ta da ruwa, sai emulsin ya farfasa amigdalin gida uku: sukari, da wani mai mai ƙanshi da ake kira benzaldehaid, da iskar sayanaid. Ita sayanaid tana hana ƙwayoyin jiki amfani da iskar da aka shaƙa, shi ya sa take kisa da sauri. Makami ne da itacen ya tanada don dabbar da za ta cinye masa iri.

Kowane ɗaya daga cikin sunayen nan biyu yana da nasa tarihi. Benz ta fito ne daga lubban jawi na Larabci, watau lubban na ƙasar Jawa, wani ƙaro mai ƙanshi da fatake ke kawowa daga tsibiran Indonesiya. Mutanen Kataloniya da Italiya suka ɗauka lu ɗin farko irin tasu al ce, suka yar da ita, ya rage benjui, daga baya benzoin. Abin da aka ƙara wa almond bisa kuskure, shi aka rage wa lubban bisa kuskure. Daga wannan tushe aka sami Benzin, sunan man fetur a Jamusanci, wanda ya koma wa Larabawa a matsayin banzin, ba tare da sun gane ɗansu ba. Aldehaid kuwa Liebig ne ya ƙago ta ta hanyar gutsuro farkon kalmomin Latin biyu, alcohol dehydrogenatus, ita kuma alcohol asalinta al-kuhl, watau kwalli.

Sayanaid daga kuanos ne na Girkanci, watau shuɗi mai duhu, ga shi kuwa gubar ba ta da launi ko kaɗan. Dalili shi ne, wajen 1706 aka ƙago wani shuɗin rini a birnin Barlin, wanda aka sani da shuɗin Furushiya. Daga wannan rini ne Carl Wilhelm Scheele ya fitar da gubar a 1782, Joseph Gay-Lussac kuma ya raɗa sunan cyanogène a 1815, watau mai haifar da shuɗi. Sunan yana tuna wurin da aka samo abin ne, ba kamanninsa ba.

Wannan dabara ta lauz ba ta tsaya a gonakin Bahar Rum ba. Rogo yana ɗauke da ɗan'uwan amigdalin mai suna linamarin, daga linum, wani tsiro da Turawa ke saƙa da zarensa, da amarus, mai ɗaci. Shi ya sa ake jiƙa rogo mai ɗaci, a matse, a shanya ko a soya kafin a ci. Ƙaramar dawa kuma, musamman gyauro ko wadda fari ya taɓa, tana ɗauke da durin, wanda Wyndham Dunstan da Thomas Henry suka tace a 1902, suka raɗa masa suna daga dhura, sunan dawa da Larabci. Makiyayin da ke kore shanunsa daga gyauron dawa ya san illar tun kafin a rubuta sunan.

A duwatsu, da wata baƙuwar fuska

Idan dutse mai aman wuta ya zubo da narkakken dutse, kumfar iska takan bar ramuka a cikinsa bayan ya daskare. Daga baya ruwa ya ratsa ya cika ramukan da fararen ma'adinai, sai baƙin dutse ya fito da ɗigo-ɗigo kamar an watsa masa lauz. Masana ke kiran irin wannan dutse amygdaloid, Jamusawa kuma Mandelstein, dutsen lauz. Ƙarshen kalmar, oid, daga eidos ne, watau siffa. Masu tonon kayan tarihi ma suna amfani da ita ga gatarin dutse na mutanen farko mai faɗin gindi da tsinin kai.

Amma akwai jan dutse mai daraja da ake kira almandine, wanda duk mai kallo zai ce ɗan almond ne. Ba haka ba ne. Sunansa daga Alabanda ne, wani tsohon gari a ƙasar da yanzu ake kira Turkiyya, inda ake sassaƙa shi a zamanin Rumawa. Kamar sauti ba hujja ba ce a nazarin asalin kalma. Hujja ita ce a bi kalmar a rubuce daga ƙarni zuwa ƙarni.

Sa'ad da suna ya zama tarko

A shekarun 1950 wani Ba'amurke, Ernst Krebs ƙarami, ya shiga tallar wani magani na ciwon daji mai suna Laetrile, wanda ake yi da amigdalin na ƙwallon mishmish. An gutsuro sunan ne daga laevo, watau hagu, da mandelonitrile, inda Mandel ta sake bayyana. Da hukumomin lafiya suka ƙi amincewa da shi a matsayin magani, sai aka sake masa suna bitamin B17. Ba bitamin ba ne, domin babu wata cuta da rashinsa ke jawowa, amma kalmar bitamin tana kwantar da hankalin mai saye. A 1982 aka buga sakamakon gwajin da asibitin Mayo ya jagoranta a kan majinyata 178: bai warkar da kowa ba, bai tsayar da ciwon ba, wasu kuma sayanaid a jininsu ya kusa kai matakin kisa. Duk da haka har yanzu ana tallarsa a intanet. Wanda ya san cewa amigdalin na nufin abin da aka samu a lauz mai ɗaci, ya kuma san abin da Liebig da Wöhler suka gano a 1837, ba za a sayar masa da guba da sunan abinci ba.

Kammalawa

Hausa ba baƙuwa ba ce ga raɗa suna bisa kama. Tana da ƙoƙon kai, da ƙoƙon gwiwa, da allon kafaɗa, da karan hanci. Rumawa ma patella suka ce wa ƙoƙon gwiwa, watau ɗan ƙaramin akushi. Bambancin kawai shi ne kowace al'umma da abin da ke gabanta take kwatance. Aikin samar da keɓaɓɓun kalmomi, irin wanda ya haifar da ƙamusun da Ɗalhatu Muhammad ya tace aka buga a 1990 don nazarin harshe da adabi, yana jiran a faɗaɗa shi a fannonin kimiyya, kuma tarihin lauz yana ba masu wannan aiki darasi uku.

Na farko, a nemi asalin kalma kafin a taɓa ta, don a san ko siffa take faɗi, ko wuri, ko aiki. Na biyu, kada a fassara hoton da mai sauraro bai taɓa gani ba. Balarabe ya ce lauzar ƙwaƙwalwa ya gane, domin lauz na kasuwarsa; manomin da bai taɓa riƙe lauz ba gara a ara masa amigdala a bi ta da bayani, ko a nemo kwatance daga ƙwallon da ya sani. Na uku, inda rai yake cikin haɗari, kada a dogara da suna ko kaɗan. Sanarwar da za ta hana yaro cin ɗanyen rogo mai ɗaci ba ta bukatar labarin shuɗin Furushiya. Tana bukatar kalmar guba, a faɗe ta ƙarara. Hausawa sun ce suna linzami ne. Linzami kuwa yana nuna inda aka ja doki, amma sai an duba dokin kansa kafin a san halinsa.